Kwandon Baba

Shafi na 19

Masu bina har cikin saƙon sirri suna cewa na ɓace, ku sassauta mini. Ni ma wankin ne ya danne ni, ga ruwan sama ya hana komai bushewa. Ke kuma da kika ce Fiddausi ta cika sanyin hali, gyara zama.

*

Fiddausi ta tsaya a ƙofar ɗakin wanki tana kallon kwanduna huɗun da ta jera a ƙarƙashin kantar katako. Uku sun cika har suna zubowa: nata, na mijinta Ɗahiru, da na ƙaramar 'yarsu Khadija. Na huɗun, koren da ta ware wa surukinta, wayam yake kamar ranar da ta sayo shi a kasuwar Kakuri.

Ba ƙaramar wahala ta sha a kan ɗakin nan ba. Da sito ne a bayan gida, cike da tsofaffin kwanon rufi da tarkacen da Baba Zakariyya'u ya tara tun yana aiki a masaƙa, sai famfo ɗaya a lungu. Ita ta kwashe komai a farkon damina, ta goge ƙasa, ta sa kafinta ya buga kanta, ta jawo injin wankin da ke kwance cikin kwali tun bikinta. Omo da bula da sitati kowa ya samu wurinsa. Maman Vicky maƙwabciyarsu ce ta ba ta dabarar kwanduna, kowa da kalarsa. Ranar da ta tsinci Khadija tana ƙoƙarin buɗe robar bilic da haƙori kuwa, ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa wa ƙofar kwaɗo ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Tun daga nan wanki ya daina tarar mata. Ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta juya inji, ta shanya, shi ke nan. Har ta fara jin kanta wata babbar mace.

Sai ga shi jiya an kira ta ƙazama a tsakar gidan nan.

Yaya Indo ce, babbar yayar Ɗahiru, ta zo daga Tudun Wada gaishe da mahaifinta. Ta same shi cikin riga mai warin danshi, duk ta yamutse, wuyanta ya yi baƙi. Da Fiddausi ta ce ai kullum tana duba kwandonsa ba ta samun komai, sai ta ƙara hura wutar.

"Kwando? Tsohon da ya haifi mijinki kike jira ya kawo miki kaya cikin kwando kamar ɗan makarantar kwana? To gobe zan zo in ɗauke ubana. Ko a falo ne ya kwana a wurina, ya fi wannan wulaƙanci."

Ɗahiru bai ce uffan ba. Baba ma bai ce ba. Shirun nan nasu ya fi zagin yi mata ciwo.

Goben ce yau. In har Baba ya bar gidan da ya gina da guminsa saboda ita, ta san sunan da za ta amsa a dangin nan har ta mutu: wadda ta kori surukinta da dauɗa.

Ta leƙa zaure. Baba na kan benci da rediyonsa a kunne. Ɗahiru ya fita shagonsa na gyaran babur a bakin titi, ko karin kumallo bai tsaya yi ba. Khadija na gidan Maman Vicky tana wasa.

Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar Baba ba. Abinci ma a bakin ƙofa take durƙusawa ta ajiye. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka shi ma yake so. Amma yau ta ɗauki koren kwandon ta ce ko me za a yi sai dai a yi, da hannunta za ta kwaso kayan.

Ta yi bismillah ta ɗaga labule.

Warin ne ya fara tarbarta. Mai goyon yarinya ba a gaya mata warin fitsari.

Taga a rufe take gam. An ɗaura igiya daga ƙarfen tagar zuwa ƙusa a bango, wanduna a jere a kai, wani na ɗiga, wani ya fara fumfuna a bakin ƙafa. Katifa na jingine da bango, an rufa mata faffaɗar leda. A bayan ƙofa ga ɗan bokiti da ruwa mai duhu a ciki, da guntun sabulun wanka da ya kusa ƙarewa.

Kwandon ya suɓuce daga hannunta.

"Wa ya aike ki?"

Muryar Baba ce a bayanta.

Fiddausi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuyar da kai, ta raɓa ta gefensa da sauri, ta durƙusa a waje jikin bango ta ba ƙofar baya. Ta ji ya shiga, ta ji ya saki labule, ta ji ƙarar kujera da ya zauna.



"Kin gani," in ji shi.

"Ban ga komai ba, Baba."

"Kin gani. Kar ki haɗa mini kunya da ƙarya."

Hawaye suka fara ɗiga a gwiwarta.

"Tun bayan rasuwar uwar su Ɗahiru abin ya fara. Kaɗan-kaɗan. Yanzu ba ya riƙuwa, ko tari na yi sai ya zubo." Ya numfasa. "Da ina da wuri. In na dawo sallar Asuba kun koma barci, sai in shiga siton nan, in wanke a famfo, in shanya a wata waya da na ɗaura bayan kwanukan rufin. Iska na shiga ta nan. Kafin a yi Azahar sun bushe, ba wanda ya sani."

Ta tuna wayar. Ita ta sa filaya ta tsinke ta, tana mitar wane ne ya ɗaura wannan shirme a nan.

"Rannan na shiga na tarar an share wuri fes. Na ce to, Allah ya yi mata albarka, yarinya ta yi aiki. Na ci gaba da laɓawa ina wankewa, in kawo nan in shanya. Sai kuma wata safiya na tarar da kwaɗo."

"Wayyo Allah, Baba! Don Khadija na sa, wallahi don Khadija ne. Da ka ce in ba ka makulli."

"In ce miki zan yi me da shi?"

Ta share hawaye da bakin zani.

"Ga kwando na ajiye maka..."

"Ke 'yar nan." Muryarsa ta yi kauri. "Wannan kike so in zuba a kwando, matar ɗana ta ɗaga da hannunta ta duba? Ni Zakariyya'u? Gara in sa shi a jiƙe."

"Ko mai wanki da guga na bakin layi..."

"Wanda muke sahu ɗaya da shi? Bakinsa ya fi rediyon nan nisan zango. Kafin La'asar duk Kakuri ta ji. Sahun ma na bar shi. Na ce wa Ɗahiru ƙafa ce ke damuna. Ba ƙafa ba ce. Ba na son na kusa da ni ya ja hanci."

Nan ne kukan ya ƙwace mata. Mutumin da ake cewa ko ladan bai riga shi masallaci ba, shi ne ya koma sallah a ɗaki don ta gyara sito.

"Daina," ya ce. "Ni ne da kuka, ba ke ba. Jiya da Indo ke zazzaga miki ina ji. Na buɗe baki ya fi a ƙirga, maganar ta ƙi fita. Na bari kika ɗauki laifin da ba naki ba. Na zalunce ki."

"A'a, Baba."

"Na zalunce ki, na ce. Tun da kika shigo gidan nan ban taɓa ganin abin ƙi a wurinki ba. Ki yafe mini."

Gaskiya ɗaya zan faɗa muku, masu karatu: duk da tausayin da ya cika ta, wani sanyi ne ya ratsa zuciyar Fiddausi. Tun farkon damina take kallon kwandon nan tana saƙe-saƙe. Ta ce ko ƙyanƙyaminta yake ji. Ta ce ko injin ne bai yarda da tsarkinsa ba. Ta ce ko dama can bai so auren ba, yana dai dannewa ne. Ashe babu ko ɗaya. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har ta ji kunyar daɗin da take ji.

Ta kwance makullin daga bakin zani, ta tura shi ta ƙarƙashin labule ba tare da ta waiga ba.

"Ga shi, Baba. Amma makulli kaɗai ba zai isa ba. Hannunka ya gaji, damina kuma ba ta ƙare ba."

"To ya kike so a yi?"

"Ni ba zan taɓa ba, tun da ba ka so. Amma akwai hannun da ba na baƙo ba ne a gidan nan."

"Ɗahiru?"

"Ɗanka ne."

"Yaron da ko safarsa bai iya wankewa ba?"

Dariya ta kusa suɓuce mata cikin kukan.

"Zai koya, Baba. Ni zan koya masa, ina tsaye daga nesa."

Har ta fara fid da rai.

"Kira shi," ya ce a ƙarshe. "Amma ki yi mini alkawari. Daga ke sai shi. Indo 'yata ce, ina son ta, amma abin da ta ji da safe kafin dare ya isa Zariya."

"Na yi alkawari."

*

Ɗahiru ya shigo da baƙin mai a hannu, fuska a ɗaure, yana zaton wata sabuwar rigimar ce.

"Baba na kira," kawai ta ce, ta wuce bayan gida.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito, bokiti ne a hannunsa an rufe shi da tsohon buhu, idanunsa sun yi ja wur. Ya tsaya a gabanta ya kasa haɗa ido da ita.

"Fiddausi..."

"Abban Khadija, ba yanzu ba. An kawo wuta, mu yi amfani da ita."

"A'a, ki bari in faɗa. Ina gida ɗaya da ubana ban sani ba. Jiya kuma ina tsaye aka ci mutuncinki na yi shiru. Har a raina na ce ko dai da gaskiyar Yaya."

"Na gani a fuskarka."

"Ki yi haƙuri."

"Na haƙura. Shiga ka tattare ƙafar wando."

Ya shiga. Ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta juya baya, ta harɗe hannu, tana kallon bangon maƙwabta.

"Kar ka zuba a inji kai tsaye. Fara ɗauraye kowanne a famfo, har sai ruwan ya fita fes. Tsarki tukuna, sannan wanki."

"To, malama."

"Ka gama? Tara ruwa a babban ɓangaren. Omo ludayi ɗaya."

Ta ji ƙarar zuba, ta ji an ƙara, ta ji an kuma.

"Ludayi nawa ke nan?"

"Na ga kamar bai isa ba."

"Abban Khadija, wanki za ka yi ko kunu za ka dama?"

Ya yi dariya, ta farko tun jiya. Ga mutumin da zai kwance injin babur ya mayar da shi ido a rufe, amma maɓalli uku na injin wanki sun sa shi zufa. Ya murɗa na zubar da ruwa a madadin na juyawa, kumfa ta biyo ƙasa har ta taɓa mata diddige. Ba ta waiga ba, ta dai ɗaga ƙafa ta ce ya sake tarawa.

Yana aiki suna tsara yadda za a yi. Za a samo bokiti mai murfi a ajiye bayan ƙofa, na Baba shi kaɗai, ba mai buɗewa sai Ɗahiru. Za a mayar da waya a ƙuryar da iska ke shiga, a sa labule ya kare ta. Makulli zai koma kan ƙusa a can sama, inda hannun Khadija ba ya kaiwa amma na Baba yana kaiwa. Ɗahiru zai riƙa juya injin kafin ya fita shago.

"Ranar Litinin zan kai shi asibiti," ya ce. "Na ji ana cewa abin tsofaffin maza ne, ana magani. Zan kuma samu limamin masallacinmu a keɓe. Addini bai ƙuntata wa mai lalura ba, ba dalilin da zai bar jam'i."

"Allah ya sa a dace."

"Na ba shi farar jallabiyata ya sa kafin waɗannan su bushe."

"Wadda na goge jiya?"

"Ita."

"Ta fi dacewa da shi ma."

Ya mayar da kayan ƙaramin ɓangaren matsewa, ya rufe. Fiddausi ta lumshe ido tana jin iska a fuskarta. Rabonta da jin jikinta sakayau haka har ta manta.

Sai ga ƙarar keke-napep a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Mai keke, jira ni, yanzun nan zan fito da shi."

Yaya Indo ta shigo da ƙatuwar jaka a hannu, mayafi na jan ƙasa. Ta leƙa falo ba kowa, ta biyo muryoyi zuwa bayan gida. Nan ta tsaya cak.

Ga ƙanenta, wando a tattare har gwiwa, kumfa har gwiwar hannu. Ga matarsa a tsaye, hannu a harɗe, ta ba shi baya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ɗahiru! Kai ne wannan?"

"Yaya, sannu da zuwa. Ba yadda kike zato ba ne."

"Ba yadda nake zato ba? Ina gani da idona? Jiya uba cikin dauɗa, yau ɗa cikin kumfa, madam na tsaye tana ba da oda! Ke Fiddausi, me kika ba shi ya ci?"

Fiddausi ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe gaisuwarki. Kayan wa yake wankewa?"

Fiddausi ta dubi kumfar da ke ƙasa.

"Da ke nake! Naki ne ko?"

Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta tas. Tana jin ta a kan harshe. Ta haɗiye ta, ta ƙara sunkuyar da kai.

"Kai kuma ka zama kurma?"

Ɗahiru ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa.

"Yaya, ki bar maganar nan don Allah."

"Na bar ta. Ku cinye gidanku. Ubana dai ba zai ƙara kwana a nan ba."

Ta juya a fusace, sai ta kusa karo da shi.

Baba ne tsaye a bakin lungu cikin farar jallabiya, ta ɗan yi masa tsawo, hularsa zaune daram. Ya dafa bango da hannu ɗaya.

"Indo."

"Na'am, Baba. Mu je in haɗa maka kaya, mai keke na jira."

"Je ki sallame shi."

"Baba?"

"Ba inda za ni. Gidana ne nan. Yarinyar nan kuma da kike zagi tun jiya, ba ta yi mini komai ba sai alheri."

"Haba Baba, kar ka rufa mata asiri! Da idona na ga..."

"Ba nata ake rufawa ba."

Fiddausi ta ɗago da sauri.

"Baba, don Allah ka bari. Ni na yafe, wallahi ba komai."

Bai kalle ta ba.

"Ke 'yar nan, shiga ciki ki ja ƙofa. Maganar da zan yi da 'ya'yana ba ta kunnenki ba ce."

Ta gane. Ko da ta riga ta sani, ba zai faɗa a gabanta ba.

Ɗahiru ya fito, ta shiga, ta ja ƙofar. Ba ta taɓa kayan ba. Maɓallin matsewa kawai ta kama ta murɗa har ƙarshe, injin ya ɗauki ƙugi yana jijjiga, ya danne duk wata murya da ke waje. Ta jingina da kantar katakon, ta rufe fuska da tafin hannu, tana kuka tana murmushi.

Baba ba zai tafi ba.

Injin ya yi ta juyawa, ya rage gudu, ya tsaya.

Waje tsit.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar a hankali.

"Fiddausi."

Yaya Indo ce, amma ba da muryar da ta shigo gidan da ita ba.

"Fiddausi, buɗe mini."